Kamfani ya taya gidan su Abba, ni da yayana mun kasa haɗa baki

Maman_Nur ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah inaso waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su bani shawara, wlh kwana biyun nan ko baccin kirki bana samu.

Maganar gidan iyayenmu ce. Abba ya sayi filin tun 1981 lokacin wajen duk bayan gari ne, ya gina ɗaki biyu da falo suka tare a 1983, daga nan yana ƙara ɗaki ɗaya-ɗaya yadda muke ƙaruwa. Yanzu shekarunsa 79, Umma 71, mu biyar duk mun yi aure mun fita, su biyu ne kawai a ciki.

To unguwar ce ta juye gaba ɗaya cikin shekara shida ko bakwai. Tunda aka fitar da sabon titi ta bakin layin kamfanonin gine-gine suka dinga sayen tsofaffin gidaje suna sa katafila suna kafa benaye. Gida goma sha ɗaya ne a layinmu, yanzu saura huɗu. Hannun damanmu bene ne mai hawa shida, barandarsu tsakar gidanmu take kallo, Umma ta daina zama ƙarƙashin bishiyarta da yamma tace ji take kamar an ajiye ta a tsakiyar titi. Lokacin da suke haƙa fandisho bangon ɗakin Abba ya tsage daga taga har ƙasa, yatsana yana shiga ciki. In an yi ruwan sama kuma gidanmu yake komowa sbd sun cike ƙasarsu sun fi mu tudu, ga tifofi tun asuba ga ƙura, shi kuma Abba dama ƙirjinsa ba lafiya ne da shi ba.

Watan jiya wani dillali ya kawo mutumin kamfanin da ya sayi gidan hagunmu da na bayanmu, suka taya namu. Gaskiya kuɗin da suka faɗa bamu taɓa zaton gidan zai kai ba. Sunce in an amince cikin sati uku za su bada kafin alƙalami nan take, ko kuma in bama son kuɗi su bamu sashe biyu a cikin benen idan sun gama.

Yayanmu yace a sayar tun kafin su canja shawara, su Abba su koma gidansa tunda yana da wuri, kuma Abba ya rubuta masa takardar wakilci don a hutar da shi zirga-zirga. Umma tace ita daga gidan nan sai makwancinta. Abba kuwa abin da kawai yace shine "duk yadda kuka gani," kuma duk wanda ya san Abba ya san wannan ba amincewa bace. Ran nan na shiga na same shi da wani tsohon littafi mai baƙin bango, ashe tun 1981 yake rubuta duk buhun siminti da rodi da kwanon da ya saya da kwanan wata, yana bin layukan da yatsa bai ma ji shigowata ba.

Ni na rasa ina zan tsaya. Na san zaman bai musu kyau yanzu, amma zuciyata ta ƙi. Ta yaya zamu san kuɗin da suka taya adalci ne? Karɓar sashe ya fi ko kuɗi? Kuma ƙanina yace mu fara gyara tsagewar mu yi fenti ko kuɗin zai ƙaru, hakan yana da amfani?

Mai_Awo ya amsa:

Wa alaikumus salam Maman Nur. Na yi shekaru ina aiki da masu irin wannan ginin, don haka bari in faɗa miki yadda suke lissafi a ɗakinsu.

Su ba gidan suke saye ba, ƙasar suke saye. Ɗakunan da falon da fentin duk a wajensu baraguzai ne da za su biya tifa ta kwashe. Saboda haka kice wa ƙaninki kada ya kashe ko sisi a fenti, asara ce zalla. Tsagewar ma kar a shafe ta tukuna, ku ɗauke ta hoto da kwanan wata, ku kira injiniya naku na kanku ya duba ya rubuta ko bangon yana da haɗari ga Abba, in akwai haɗari a tokare ko a canja masa ɗaki. Wannan takardar za ta yi muku amfani ko kun sayar ko baku sayar ba.

Lissafinsu daga ƙarshe yake farawa. Za su duba hawa nawa hukumar tsara birni ta yarda a yi a wajen, sashe nawa zai fita, nawa za a sayar da kowanne, su tara. Sai su cire kuɗin gini, kuɗin izini, ruwan da banki zai caje su, da ribar da suke so. Abin da ya rage shine iyakar abin da za su iya biya a ƙasar, kuma ba mai fara tayi daga iyakarsa. Shi yasa kuɗin ya baku mamaki, ku kuna auna shi da darajar tsohon gida mai ɗaki biyar, su kuma suna auna shi da bene. Kuɗin zai iya ninka darajar gidan kuma duk da haka ya zama an taya muku da arha.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninki shine sun riga sun sayi hagu da baya. Kinga kenan filinku ne zai haɗe musu wajen ya zama fili ɗaya mai faɗi da fuska a titi, kuma duk watan da ya wuce kuɗinsu na kwance a ƙasa ruwan banki na hawa. Su ne ke sauri, ba ku ba. Sati ukun nan matsi ne kawai na ciniki. Shi kuma dillali la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa, ban ce mugu bane amma ba ma'aikacinku bane, ku tambaye shi ƙarara waye zai biya shi.

Ku ɗauko mai kimanta kadara mai lasisi wanda ku za ku biya, in da hali biyu waɗanda basu san juna ba, kuce ya kimanta muku ƙasar a matsayin filin da za a yi bene, ba gidan zama ba. Ku sa safiyo ya sake awo, tsofaffin katangu sau da yawa basa kan iyakar da ke takarda, taku biyu a irin wannan wajen kuɗi ne mai yawa. Wani daga cikinku ya je hukumar tsara birnin da ƙafarsa ya tambayi abin da aka tsara wa layin, musamman ko akwai shirin faɗaɗa titi, don in gwamnati ce za ta ci gaban gidan diyya za ta biya a lissafinta, ba ciniki bane. Sannan ku zauna da masu sauran gida ukun. Gida huɗu a haɗe ya fi tsada a kan kowane taku fiye da ɗaiɗai, kamfanin ya san haka shi yasa yake bin ku ɗaya bayan ɗaya yana cewa kowa kar ya faɗa wa maƙwabcinsa.

Hajiya_Yaya ta amsa:

Ƙanwata na karanta saƙonki sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don shekara huɗu kenan da muka yi namu.

Babanmu yana da 82 muka sayar, lokacin mantuwa ta ɗan fara taɓa shi amma ba sosai ba, yana gane kowa yana hirarsa. A tsohon gidan cikin dare yake tashi ya je banɗaki ya dawo ko fitila baya kunnawa, ƙafarsa ta san taku nawa ne, hannunsa ya san inda bango ya lanƙwasa. Mu bamu taɓa lura cewa gidan ne yake riƙe da shi ba. Muka kai shi sabon gida mai kyau, tayil ko'ina yana sheƙi, sati na biyu ya tashi da dare ya nufi inda ƙofa take a tsohon ɗakinsa, ya ci karo da kujera ya faɗi ƙugunsa ya karye. Daga wannan kwanciyar bai ƙara tafiya da ƙafarsa sosai ba. Kuma duk yamma sai ya ɗauki hularsa yace "to ku kai ni gida haka nan, dare na yi." Wlh har yau in na tuna wannan maganar sai na ji ta a ƙirjina.

Ba ina ce miki kar ku sayar bane. Mu ma zaman ya gagara, in da za a dawo da baya zan sake yarda a sayar. Yadda muka yi ne kuskure. Mun karɓi kuɗi aka bamu wata ɗaya, muka kwashe su a gigice kamar masu gudun gobara, rabin kayan Mama muka rabar ba tare da ta gani ba, har yau tana tambayar wata tsohuwar akwatinta.

Ku fara nemo inda za su koma kafin kowa ya sa hannu a komai. In zai yiwu kusa da unguwar, inda likitansu da mutanensu suke, gidan ƙasa mara matakala. Ku dinga kai su suna gani, ba sau ɗaya ba. In an tare a jera ɗakin Abba yadda na da yake, gado ta ɓangaren da ya saba, ƙofa ta hannun da ya saba, tsohuwar kujerarsa ko ta mutu a tafi da ita, a sa ƙaramar fitila mai kwana a kunne da abin riƙewa a banɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara, ni sai da ya faru a kanmu na san haka.

Sannan ki samu Umma ke da ita kaɗai, ba a taron 'ya'ya ba, ki tambaye ta me take tsoron rasawa. Sau da yawa ba bulo da siminti bane. Kar ki je da niyyar shawo kanta, ki je ki ji.

Abu_Sadiq ya amsa:

Ni dai zan ɗan tsaya wa yayanku, kar a ɗauke shi mai kwaɗayi. Shi yake ganin tarin Abba da tsagaggen bango yana tsoron ranar da za a kira shi cikin dare.

Kuma Mai Awo ka faɗi gaskiya amma jan rai ma yana da iyaka. Mu mun ja, muna cewa dole su dawo, sai kamfanin ya sake zanen gininsa ya zagaye mu. Yau filinmu siriri ne tsakanin dogayen bango biyu, rana bata shiga sai tsakar rana, ba mai ginin da zai saya don shi kaɗai baya isa bene, mai neman gidan zama kuma yana leƙowa yake juyawa. Abin da ake taya mana yanzu bai kai na farko ba. Ku nemi haƙƙinku amma ku san ranar da za ku ce mun sallama.

Bintu_K ta amsa:

Abu Sadiq labarinka ya tuna min wata tsohuwa a birnin Seattle na Amurka, Edith Macefield. A 2006 aka taya ɗan ƙaramin gidanta dala miliyan ɗaya ta ƙi, suka gina katafaren ginin kasuwanci ya kewaye ta ta gefe uku, ta zauna abinta har ta rasu a cikinsa a 2008 tana da shekara 86. Mutane suna yawan kawo ta misalin jarumta, amma abin da ni nake gani shine ita ce mai gidan kuma ita ta zaɓa da bakinta, ta san ƙara da ƙurar da za ta sha ta ce ta ji ta gani. A naku Maman Nur har yanzu ba wanda ya ji zaɓin Abba. "Duk yadda kuka gani" maganar uba ce da baya son ya zama nauyi.

Lauya_Mk ya amsa:

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa don haka dole ku ɗauki lauya a inda kuke, naku ba na kamfanin ba ko da sunce za su biya muku. Amma akwai abubuwan da kusan ko'ina ɗaya ne.

Muddin Abba na raye gidan nasa ne, ba gado bane, ba ɗan da ke da kaso ko ƙuri'a a ciki. Ku shawara kawai za ku bayar. Kuɗin ma asusunsa za su shiga kai tsaye daga kamfanin, kar su bi ta hannun dillali ko wani ɗa komai amanarsa. Na ga zumunci da yawa ya lalace a daidai nan, ba don an ci kuɗi ba, don ba a rubuta ba kowa ya dinga zargi.

Maganar wakilci, in hankalin Abba garau yake ban ga dalili ba, lauya zai iya kawo takardun har falo ya karanta masa ya sa hannu gaban shaidu. In dole sai an yi, a taƙaita ta, a rubuta wannan gidan kawai, kar a sayar ƙasa da kaza, kuɗi asusu kaza, ta ƙare ranar kaza. Kuma a irin shekarunsa yana da kyau likita ya rubuta cewa yana cikin hayyacinsa a lokacin sa hannun, wannan kariya ce gare shi da ku da cinikin kansa. Kar kuma wani ya kawo shawarar a fara mayar da gidan sunan 'ya'ya "don sauƙi". Ƙasashe da yawa suna sassauta harajin riba ga wanda ya sayar da gidan da yake zaune a ciki, a Amurka misali ana yafe har dala 250,000 na ribar ga mutum ɗaya, 500,000 ga ma'aurata, in sun zauna a gidan shekara biyu cikin biyar na ƙarshe. Da zarar gidan ya koma sunan wanda baya ciki irin wannan sassaucin zai iya tafiya, ga shi kun raba tsoho da mallakarsa tun yana raye.

Kafin alƙalamin nan ku karanta takardarsa da kyau. Wani lokacin ba saye bane, ɗaure gidan ne na shekara ɗaya ko biyu, ba ku da ikon sayar wa kowa yayin da su suke neman izinin gini, in bai samu ba su janye. Kada asalin takardun gida ko makulli su bar hannun Abba sai kuɗi sun cika a asusu, kuma a rubuta cewa za su ci gaba da zama wata huɗu ko shida bayan biya.

Karɓar sashe kuwa, ga matashi mai wani gidan zai iya zama riba. Ga mai shekara 79 ban so ba. Bene irin wannan shekara biyu zuwa uku ne in komai ya tafi daidai, kuma ba kullum yake tafiya daidai ba. Ina za su zauna kafin nan, waye zai biya hayar? In kamfanin ya jinginar da filin a banki ya ci bashi sannan ya durƙushe, banki na gaba ku kuna baya da takardar alƙawari a hannu. Ko an gama ma akwai kuɗin kula da gini duk wata, ga hawa in lif ya tsaya. In har kuna sha'awar, a raba, kuɗin da zai sayi gidan zamansu a hannu yanzu, ragowar a sashe. Kuma kar ku bar kuɗin su daɗe a ajiye, unguwar da ta yi tsada a kanku tana tsada a kan gidan da za ku saya ma.

Maman_Nur ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na karanta wa 'yan uwana duka har Yaya, kuma Abu Sadiq na gode da ka tuna min, na kira Yaya na bashi haƙuri don na ɗan yi masa magana mai zafi.

Hajiya na bi shawararki na kwana a gidan ranar Asabar. Ashe damuwar Umma maƙwabciyarmu ce ta tsallaken layi, tare suka tare a unguwar, mijinta ya rasu 'ya'yanta suna nesa. Kullum da safe Umma sai ta leƙa ta ga ta buɗe tagarta, in bata buɗe ba ta tsallaka ta buga ƙofa. Tace min "in na tafi wa zai san ko ta tashi?" Shekara nawa ina shiga gidan nan ban taɓa sanin suna haka ba.

Abba kuma da safe na zauna kusa da shi nace Abba ni ba "yadda kuka gani" nake son ji ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan yace shi bai ƙi sayarwa ba, ya san ƙasar ta fi ƙarfin gidan yanzu, abin da baya so shine ya zama baƙo a gidan ɗansa, ya nemi izini kafin ya kafa ƙusa a bango. Yace ko ɗaki biyu ne a saya masa da sunansa. Yaya da ya ji haka shiru yayi, ya ce shi wlh gani yake gata zai musu.

Mun gaya wa kamfanin sati uku ba zai yiwu ba, tun ranar sun kira sau biyu. Mai kimantawa zai zo ranar Laraba, safiyo kuma sati mai zuwa, ƙanina ya samu lambar babban ɗan maƙwabciyar tamu za su yi magana ko za a haɗa cinikin, in Allah ya sa a samu gidaje biyu kusa da juna ma to.

Lauya ina da ƙarin tambaya dan Allah. Takardun duk sunan Abba ne shi kaɗai, amma da muke duba littafin nan nasa, mun ga ya rubuta da hannunsa cewa kuɗin rufin gidan gaba ɗaya da na ɗakuna biyun da aka ƙara daga baya na Umma ne. Shi da kansa yace yana so sabon gidan ya zama da sunansu su biyu. Ana iya yin hakan tun a takardar saye, ko sai an saya sannan a ƙara sunanta?